Ranar da Ƙofar Ruwana Ta Cije a Gaban Hakimi

Ba zan taɓa mantawa da azahar ɗin da ƙarfen da na ƙera da hannuna ya tozarta ni ba. Zamanin Turawa ne, ina maƙerin En'e a Haɗeja, aka ba ni aikin ƙofar ruwa a wani tafki wajen Kirikasamma. Faifan ƙarfe ne da ake ja sama, ya zame cikin kwarmin siminti, ruwa ya gangara lambuna.

Da sanyi na yi aikin, kullum da sassafe. Na goge, na gwada, na sake gyarawa, sai da ya zama ko tsinke ba ya shiga tsakanin ƙarfen da kwarmin. (Bakina kuwa bai huta ba, kowa a kasuwa ya ji cewa ba a taɓa aiki irin nawa ba.)

Ba a buƙaci buɗewa ba sai da bazara ta kankama, albasar mutane ta fara langaɓewa. Hakimi ya zo da kansa, rana ta take, manoma sun yi dafifi. Na yi bisimilla, na ja. Ko motsi! Na tokare ƙafa, na tattaro ƙarfina na fizga, sai ji na yi ɗas, tazugen wandona ya tsinke. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba Modu, wani tsoho da lambunsa ya fi kowanne jin jiki, ya ɗebo ruwa a guga ya yi ta kwara wa ƙarfen har ya huce.

"To, ja yanzu, ɗana."

Da hannu ɗaya na ja (ɗayan yana riƙe da mutuncina), ƙofa ta taso sumul.

"Kai da kake wuni a bakin wuta," in ji shi, "ka manta ƙarfe yana kumbura in ya ji zafi?"

Hakimi ya kau da kai, kafaɗunsa na rawa.

Na rantse ba zan koma gida ba sai na gyara. Kwana shida ina rage gefen da magagari kaɗan-kaɗan, don in na zarce ruwa zai riƙa yoyo da sanyi. In gwada da asuba, in gwada da azahar, har ta bi hannu a kowane lokaci. Albasa ta tsira.

Da aka cire albasa, Baba Modu ya aiko min da kwando guda, da sabon tazuge a sama. Na karɓa, na yi godiya. Tun daga nan ban ƙara yabon aikina da safe ba, sai rana ta duba shi tukuna.