Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Ɗakin Sigina

Zuciya a cike da baƙin ciki, hannun dama a naɗe da bandeji, babban mai sigina na tashar jirgin ƙasa, wanda kowa ke kira Kawu, yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Tsohuwa, kwamfutar da ta shekara goma sha tara tana raba wa jirage hanya. Ta rasu ranar Talata da ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna na rana, a ɗakinta da ke saman bene. Ba jinya ta yi ba. Da guduma aka kashe ta, kuma Kawu yana so a sani shi ne ya riƙe gudumar.

Marigayiya mai natsuwa ce. Da safe fankarta takan yi gyaran murya, sannan allo ya haskaka da layukan tasha huɗu. In ta amince da umarni sai ta ce "ɗin", sau ɗaya tak. In ba ta amince ba sai ta ce "ɗit-ɗit-ɗit", kuma ko shugaban tasha ya hawo da kansa ba ta sauya magana. Ba ta taɓa tura jirgi layin da wani jirgin yake ba. Tun ranar da mai shara ya cire mata waya don ya dafa ruwan zafi, Kawu ya sa aka yi wa wayar da batirinta kejin ƙarfe, aka ajiye makullin a ofishin shugaba.

Ga yadda ajalinta ya zo. Layi na huɗu ba ya zuwa ko'ina, a jikin wata tsohuwar rumfa ya ƙare. A inuwar rumfar 'yan gyaran layi suke cin abincin rana, su miƙe ƙafa a kan dogo. Don kada a turo musu tarago suna gyangyaɗi, kullum da tsakar rana Kawu yakan rubuta wa Tsohuwa cewa akwai jirgi a layin. Ƙarya ce ta tausayi, ita kuwa ba ta taɓa shakkar maganarsa ba. Ranar Talata an tura 'yan gyaran aiki nesa, amma yatsun Kawu sun riga sun saba, suka rubuta.

Sai ga kira daga tudu. Taragu shida maƙare da duwatsu sun tsinke daga jirgin kaya, suna gangarowa ba kai ba birki, sun nufi layi na ɗaya. A nan jirgin fasinja yake tsaye, mata na miƙa jarirai ta taga. Minti uku ya rage. Kawu ya ba da umarnin a karkatar da su layi na huɗu.

"Ɗit-ɗit-ɗit."

Ya goge ƙaryarsa. Ta ce sai an jira minti biyar, yadda doka ta koya mata. A ƙasa, Gajere mai juya layi yana kokawa da sandar hannu, wadda ba ta motsi muddin Tsohuwa na riƙe da ita.

"Kawu, ta ƙi saki!" Gajere ya kwarma ta taga. "Ka yi wani abu, ko yau mu kwashe mutane da shebur!"

"Haba Tsohuwa, ni ne fa," in ji Kawu. "Babu kowa a layin nan. Ƙarya na yi miki."

"Ɗit-ɗit-ɗit."

Ofishin shugaba, inda makullin kejin yake, yana can ƙarshen tasha. A bayan ƙofa kuwa akwai gudumar da ake ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi da ita. Dukan farko ya tarwatsa allo, gilashi ya yanke masa tafin hannu har ƙashi. Na biyu ya lotsa mata ƙirji, fanka ta yi ƙara kamar ana yanka ta. Na uku da na huɗu ba ya tuna su. Ya dai tuna jininsa a kan madannai, da warin ƙonewa, da yadda ta ci gaba da cewa "ɗit" har ya zura hannu ya fizgo hanjinta. Sannan ta yi shiru. Gajere ya faɗa kan sandar da duk nauyinsa, kafaɗarsa ta goce, layi ya juya. Taragun suka wuce da rugugi, suka tumɓuke shingen ƙarfe, suka niƙe rumfar, suka hau kan juna. Duwatsu suka farfasa tagogin taragon fasinja na ƙarshe. Mutum uku aka yi wa ɗinki. Babu wanda ya rasa ransa sai ita.

Ta bar ƙanwarta firinta, wadda ba ta sake tari ba tun ranar, da fitilun sigina ashirin da shida, duk idonsu ja, da direbobi da yawa da suka sha zaginta a zuci saboda ta tsayar da su a rana.

Jiya shugaban tasha ya ja Kawu gefe. "Jibi kwamitin bincike zai zauna. Ka ce ta haukace ne kawai. Tsohuwar na'ura ce, wa zai tono? Shekara ɗaya ta rage maka ka yi ritaya lafiya."

"Ranka ya daɗe," in ji Kawu, "na riga na fasa mata kai. Ba zan bi ta da ƙazafi ba."

An tattara gawar a kwali biyu. Za a sauko da ita gobe Alhamis da ƙarfe tara da rabi, a bi da ita ta gaban layi na ɗaya, a kai ta teburin kwamiti, domin sun nemi ganinta. Ana roƙon direbobin da ke tasha a lokacin su busa ƙaho sau ɗaya. Kawu zai karɓi gaisuwa a gindin bene, da hannun hagu, ana kuma roƙon kada a ce masa sannu da ƙoƙari. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Wanda ya makara kada ya wahalar da kansa da hawa bene. Da ƙarfe goma Kawu zai miƙa gawar, da bayaninsa a rubuce, da makullin ɗakin.