Abin da Ke Cin Rumbun Kwamfutar Marigayi

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina koyarwa a wata sakandare da ke bayan garin Kurfi, ba zan taɓa mantawa ba da zangon da wata tsohuwar kwamfuta ta mayar da ni abin dariya. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni ne malamin kwamfuta na makarantar, kwamfutar ce dai babu. Kullum in taso daga Dutsin-Ma a kan babur, in zana madannai a allo da alli, yara su kwafa a littafi. Ga 'yan ajin ƙarshe jarrabawar shiga jami'a na matsowa, wadda a kwamfuta ake yin ta, kuma yawancinsu 'yan Birchi ne da ƙauyukan kewaye da ba su taɓa ɗora yatsa a kan na'ura ba.

Ana haka Allah ya yi wa abokin aikinmu Malam Lawal rasuwa, malamin lissafi, mutum mai shiru-shiru. Bayan an yi sadakar arba'in, matarsa Hajiya Rabi ta aiko da laftof ɗinsa, ta ce a bar wa yara su riƙa koyo, Allah ya kai masa ladan. Na kwashe hotunansa da takardunsa da ke ciki na zuba a falash, ɗan abin ajiyar nan, na aika mata, sannan na zauna da na'urar.

Tsohuwa ce tukuf. Rumbun ajiyarta giga talatin da biyu ne kacal, manhajar da ke kanta ta cinye kusan duka, in ka kunna ta kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Na goge komai na sa mata manhajar Linux mara nauyi, wadda ba ta ci ko giga huɗu ba. Sai ga tsohuwa ta tashi garau, kana taɓawa tana amsawa. Daɗi ya kwashe ni, na yi ta bin shafukan intanet ina girka wannan ina gwada wancan, rabinsu ma ban san amfaninsu ba. A ofishin malamai kuwa ban bar kowa ya sha shayi lafiya ba, sai na ba shi labarin yadda na rayar da matacciyar na'ura. (E, da bakina na faɗi haka.) Malama Binta, malamar kimiyya, wadda ita ma ta taɓa karatun kwamfuta a jami'a, ta dube ni ta ce, "Allah ya ƙara basira, Injiniya." Ban gane cewa ba yabo ba ne sai daga baya.

Muka ajiye ta a wani tsohon sito a ƙarshen ajujuwa, mai taga ɗaya, inda wayar sola ta kai. Batirinta ya mutu, madannin kunnawa kuma yana gardama, don haka a kunne nake barin ta, in kulle ɗakin in sa mabuɗi a aljihu. Yara suka fara shigowa bi da bi, suna koyon danna amsa.

Abu na farko da na lura da shi, wurin ajiya na raguwa. Yau in ga saura giga ashirin da bakwai, jibi ashirin da uku, alhali ba wanda ya ajiye komai. Na duba foldata, babu komai sai tambayoyin gwaji. Na share tarkacen da na sani, na wanke nan na wanke can. Da safe in zo in tarar an ƙara ci.

Abu na biyu shi ne ya kashe mini jiki. Wata rana da azahar, yara sun tafi salla, makaranta ta yi tsit, na tsaya a bakin taga na kasa kunne. Babu motsi a ɗakin. Na buɗe ƙofa na shiga, ina giftawa ta gabanta sai fankarta ta tashi, fuuu, kamar mutum ya ja dogon numfashi. Na daskare a tsaye. A hankali ta yi shiru. Na ɗaga hannuna na dama, ta sake tashi. Na sauke, na tsaya cik, ta lafa. Na karkata kai kaɗan, ta amsa. Rana tsaka ce, ga haske ko'ina, amma tsigar jikina ta tashi. Idona ya sauka a kan madannan da yatsun Malam Lawal suka goge har haruffa suka ɓace, ga jakarsa rataye a ƙusa har lokacin tana ƙanshin turarensa. Da baya na fita daga ɗakin.

Na ce bari in gwada. Ran Juma'a na kulle ɗakin, ba wanda ya shiga har Litinin. Da na dawo, an ci wajen giga biyu.

Ni fa na yi karatun addini daidai gwargwado, na san mamaci ba ya dawowa. Kaina ya sani, ƙafafuna ne ba su sani ba. Maimakon in zauna in bincika kamar mai hankali, sai na je ofishin malamai na sassauta murya na ce, "Na'urar can fa tana sanin in mutum ya shigo." Wallahi ban ambaci sunan kowa ba. Amma kafin a tashi washegari labari ya yi ƙafa: wai Malam Lawal na cikin kwamfutarsa, wai yana numfashi. Yara suka ƙi shiga ɗakin, har wata yarinya ta rantse ta ji an kira sunanta. Daga makaranta magana ta shiga kasuwa, daga kasuwa ta ƙara muni, aka fara cewa ai da ma akwai abin da ya bari a duniya da ya hana shi kwanciya. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, shi ake yawo da sunansa a rumfunan mai shayi, kuma daga bakina abin ya fito.

Ni kuma a ɓoye na shiga nawa maganin. In kowa ya watse sai in lallaɓa ɗakin da kaskon turare. (Ka yi dariyarka, na ba ka dama.) Na zagaya teburin, na yi karatu na tofa a kan madannai, har na durƙusa na roƙi gafarar marigayi ko da na taɓa ɓata masa. Duk motsin da na yi fanka na ƙara ƙarfi, ni kuma ina ƙara tabbata ana ji na.

Ranar da ba na so ta zo da hantsi. Hajiya Rabi ta iso makaranta tare da yayanta Alhaji Mamman, mai sayar da hatsi a Kurfi. Shugaban makaranta ya tara malamai, muka ɗunguma zuwa siton. Muna cika ɗakin fanka ta ɗauki wani kuka da ban taɓa ji ba, har wasu manyan malamai suka ja da baya suna salati. A kan allon na'urar kuma ga gargaɗi, rumbu ya kusa cika.

Alhaji Mamman bai ko kalli na'urar ba, ni ya kalla. "Malam, mi mijin ƙanwata ya yi maka? An ba ku abu don Allah, kun maida sunan mamaci abin hira cikin kasuwa. Ƙanwar tawa ko barci ba ta yi."

Na fara kame-kame ina bayanin giga. Malama Binta ta katse ni a hankali: "Injiniya, ka duba wace folda ce ta fi girma a duk na'urar? Ba taka kaɗai ba."

Na san umarnin da ake rubutawa a ga haka. Layi ɗaya ne, na sha rubuta shi a allo. Tsoro ne kawai ya hana ni zama a kujerar in yi. Na zauna na rubuta. Sai ga wata folda can cikin hanjin manhajar, ita kaɗai ta haɗiye fiye da giga ashirin. Ina ganin sunanta na gane ta. Manhajar gadi ce, wadda ke ɗaukar bidiyo da kyamarar laftof duk lokacin da wani abu ya motsa a gabanta. Ni na girka ta a kwanakin zumuɗi don in gwada kyamara, na manta, ita kuma ta ci gaba da aikinta. Numfashin da nake ji, wahalar tsohuwar na'ura ce tana fama da ɗaukar hoto.

"Buɗe mu gani," in ji shugaban makaranta.

Na farko, labule ne iska ke kaɗawa. Na biyu, ƙadangare ne a kan tebur yana gyaɗa kai. Na uku kuwa ni ne. Babu sauti, amma ba a bukatarsa. Ga ni da kasko ina zagaye, ga ni na kumbura kumatu ina tofi, ga ni a durƙushe na haɗa hannuwa ina roƙon laftof. Can sai aka ga na zabura, na yi karo da benci, na fice da takalmi ƙafa ɗaya. Bayan ɗan lokaci hannuna kaɗai ya leƙo da sanda yana jawo ɗayan.

Ɗakin ya fashe. Shugaban makaranta ya cire hula yana share hawaye da ita, Malama Binta ta dafa bango. Har Alhaji Mamman sai da ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na so ƙasa ta buɗe in shige.

Hajiya Rabi ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matso ta duƙa tana kallon jerin bidiyon.

"Malam, duk kai ne a ciki?"

"Ni ne, Hajiya. Sai yara, sai ƙadangare."

"Shi babu ko guda?"

Na ce babu, sai bayan rasuwarsa aka sa manhajar.

Ta gyaɗa kai ta gyara mayafinta. "Ni tun a gida na san ba gaskiya ba ne. Amma da muna tahowa sai na ce a raina, ko wani hotonshi ya saura da ban gani ba, yana zaune yana aikinshi."

Dariya ta ɗauke ɗif. Kunyar da na ji a lokacin ta ninka ta farko, don ta farko a fuska ta tsaya, wannan har cikin ƙirji na ji ta. Na sauko daga kujera na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, a bar yara su ci gaba da koyo, kuma don Allah duk wanda zai kira sunan mijinta ya kira shi da addu'a.

A ranar na cire manhajar, na goge bidiyon, rumbu ya dawo wayam, fanka ta yi shiru. Washegari na tsaya gaban taron ɗalibai na faɗa masu da bakina cewa aljanin da ke cikin kwamfuta ni ne. Suka dawo ɗakin, suka yi koyonsu har ranar jarrabawa.

Tun daga nan, in na'ura ta fara abin da ban gane ba, kafin in zargi na ɓoye sai na fara tambayar kaina me na girka jiya. In kuma tsoro ya kama ni, ina riƙe shi a cikina har in gama bincike, don na gane abin da ka faɗa cikin raɗa a ofishin malamai yana iya ƙarewa a gidan da ake makoki.