Ranar da Na Sha Rabon Tumaki

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Laraba ce a zamanin Turawa, ina sabon duba-gari a Haɗeja. Ni ne na bi unguwarmu gida-gida ina hana zubar da ragowar abinci a kwata. Na ce kowane gida ya tara kanzo da ruwan tsarin gero a ƙwarya guda, a rufe da faifai saboda ƙuda, a ajiye a zaure. Baba Goni mai kiwon tumaki ya riƙa bi yana ɗauka, shi kuma ya saka musu da taki in damina ta matso. (Yadda nake taku cikin kakina na aiki, sai ka ce ni na haƙa kogin Haɗeja.)

Ran nan na dawo daga Auyo a keke da tsakar rana, na biya in gaida Malam Bukar, mahaifin yarinyar da nake nema, don har lokacin bai ce ya ba ni ba. Ina jiransa a zaure, maƙogwarona ya bushe, sai na ga ƙwarya fes a rufe. Na ce a raina, lalle an san da zuwana. Na kafa kai, ban ɗago ba sai da na kusa ganin gindinta.

Malam ya fito, muka gaisa. Da na yi shiru da na tsira, amma ina!

Na ce masa, "Baba, a yi wa Inna godiya. Rabona da farau-farau mai daɗin wannan tun ina yaro."

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. Kafin ya yi magana sai ga sallamar Baba Goni da tulunsa. Ya ɗaga faifai, ya ce, "Malam, yau akuya ta riga ni ne?"

"Ba akuya ba ce," in ji Malam a hankali. "Hukuma ce ta zo ta duba."

Na ji dariyar mata daga bayan katanga. Ban san yadda na hau keken ba.

Malam ya ba ni yarinyar dai. Ya ce wanda ya sha tsari ya gode ba zai raina girkin 'yarsa ba. Ni kuwa na koyi abu guda: in ka kafa doka, ka riƙa tuna kamanninta, musamman in kana jin ƙishirwa.