Na'urar da Ba Ta Riƙe "Babu"

Jama'a, yau kwana uku ina zarya ofishin takardun haihuwa, har takalmina ya buɗe baki. 'Yata za ta yi rajistar jarrabawa, ranar Juma'a ake rufewa, kuma ba takarda ba rajista.

Mai Girma Babban Oga, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya sayo mana na'ura mai ƙwaƙwalwa. Kai, na'urar nan akwai basira! In ta taɓa samo sunanka ta riƙe shi ke nan, gobe kafin ka gama sallama ta fito da shi. Amma in babu sunan, sai ta bi rumbun sunayen kaf, minti arba'in wani ɗan zobe na juyawa a allo, layi ya tsaya cak. Ta ce babu, nan take kuma ta manta ta taɓa nema.

Wani tela da ke gabana wata biyu ke nan yana zuwa kullum, kullum a sake nema daga farko. Mutum bakwai irinsa sun cinye yini. Haushi ya sa na ce masa ya ji tsoron Allah ya zauna a gida.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ba a ba da sabon fom sai an tabbatar babu, kuma ba a tabbatarwa."

Na leƙa taga na ce wa akawu, "Ranka ya daɗe, tunda jiya ta ce babu, me zai hana ta riƙe amsar, a sallami bawan Allah?"

Ya waiga, ya rage murya. "Malam, mai gyaranta ya ce aikin minti biyar ne. Oga ya hana. In aka adana 'babu', sai ta fito a rahoton wata. Mu a nan ba a rasa suna, ana kan nema ne."

To, madalla da wannan hikima!

Da la'asar layi ya zo kaina. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: zobe ya juya minti arba'in, sunan 'yata babu. Akawu ya ce in dawo gobe. Gobe fa Juma'a.

Yarinya ta tarbe ni a ƙofar gida da littafi a hannu. "Baba, an samu?"

Na kasa haɗa ido da ita. Sai ji na yi bakina ya ce, "Ana kan nema."

Ashe yaren Oga ba shi da wuyar koyo.