Ranar da Na Maƙale a Ruku'u

Kome zan manta a duniya, ban da la'asar ɗin wata Laraba a Badafi, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. Ina da ƙuruciyata, na dawo daga karatu da ɗan gemuna, kaina kuwa ya fi rawanina girma.

Ana gobe abin zai faru, ina ɗaga damin dawa zan jefa a rumbu, sai na ji ƙas a kwankwasona. Na shiga gida ina dafa bango.

Mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, wannan tafiyar ba ta lafiya ba ce. A aika garin Ɗansoshiya a kira Baba Maɗori mana."

Na ce mata iska ce kawai. (Ƙarya nake. Liman zai je Kiru ta'aziyya, ya kuma ce ni zan ja salla washegari. Shekara uku ina jiran wannan, sai in bar wa wani saboda baya?) Na ɗauko tsohon rawani na ɗaure ƙuguna tamau, na sa riga a kai. Washegari da azahar na ce ina da uzuri, ladan ya ja. La'asar kuwa na rantse ko da rarrafe sai na shiga gaba.

Na kabbarta. Tsayuwa lafiya lau. Na sunkuya ruku'u, nan ma babu laifi. Da na ce "Sami'allahu liman hamidah", bakina ya ɗago, jama'a suka ɗago, bayana ya ce bai san zancen ba.

Na yunƙura, wani zafi ya tsarga mini har yatsan ƙafa. Na sake yunƙurawa. Gumi yana ɗiga a kan buzu. Can baya wani dattijo ya ce, "Subhanallah." Wani ya ƙara da ƙarfi, wai ko mantuwa na yi. (Mantuwa? Ai ban taɓa tuna Allah kamar lokacin ba.) Da na ga babu sarki sai Allah, na miƙa hannu baya na jawo rigar ladan ya shige gaba. Ni kuma na ratsa sahu huɗu a duƙe, kamar mai neman allura.

A kan ƙyauren ƙofa aka kai ni gida. Kafin magariba Baba Maɗori ya iso a kan jakinsa. Ya kwance rawanin, ya yi ta kallonsa. Ya kwantar da ni rubda ciki a zaure, ya bi ƙashin bayana da babban yatsa, gaɓa gaɓa.

"Ba karaya ba ce, ɗan nan, targaɗe ne. Jijiya ta ja, naman wurin ya ɗaure. Da jiya ka kira ni, da aikin kwana uku ne. Yanzu sai ka yi haƙuri."

"Baba, yi aikinka. Ni ba na raki."

Ya gasa wurin da ruwan ɗumi, ya murza da man kaɗanya, ya juya ni gefe, ya dafa kafaɗa da ƙugu ya murɗa. Ihun "Wayyo Inna!" da na yi, an ce har matan da ke bakin rijiya sun ji.

Amma daga nan na kafe a kan sai na miƙe. Ya ce in kwanta a tabarma a ƙasa, na kwanta. Ya hana ni ɗaukar ko da buta cike. Ya ce kada in zauna wuri ɗaya, kullum in taka: yau ƙofar gida, gobe gindin tsamiya, jibi masallaci, inda nake salla a zaune a sahun ƙarshe, masu gaishe ni suna danne dariya. Ya koya mini in zan ɗauki kaya in durƙusa da gwiwa, kada in sunkuya da baya. Sau biyar ya dawo ya murza ni, kowane zuwa ihuna na raguwa.

Bayan wata biyu Liman ya sake tafiya, na sake shiga gaba. Da na ɗago daga ruku'un farko, na ji ajiyar zuciyar masallaci gaba ɗaya.

Bayana ya warke sarai. Sunan da aka laƙa mini, Malam Mai Dogon Ruku'u, shi ne babu maɗorin da ya iya gyarawa. Tun daga nan, ko ƙaya ce ta soke ni, ni nake fara shela, don na gane ciwo ba ya riƙe sirri, kuma ba ya zaɓen wurin tona shi.