Rasuwar Hajiya Mai-Haske, Tabilet ɗin Malam Na-Allah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai cike da tunanin ranar Litinin, Malam Na-Allah Kadiri, malamin aji biyar a wata firamare ta Malanville, yana sanar da dangi da abokan aiki rasuwar tabilet ɗinsa, wadda ɗalibai suka fi sani da Hajiya Mai-Haske. Ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan shekara huɗu tana hidima.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai yawan sani. Ita ke shirya darasi, ita ke zaƙulo taswira daga intanet, ita ke yi wa yara gwaji ta kuma duba amsoshin da kanta. A fuskarta yara saba'in da uku suka ga yadda zuciyar mutum ke bugawa. In saƙo ya shigo sai ta ce "tilin!" In yunwar caji ta kama ta sai ta ce "ɗit, ɗit," ba ta taɓa wuce haka ba. Aibinta ɗaya: ba ta shiri da rezon makaranta, wato sabis ɗin intanet, sai an kai ta bakin gulbi ta shaƙo na garin Gaya daga ƙetare.

Albarkacinta Malam ya yi suna. Har Guéné aka gayyace shi ya koya wa malamai arba'in ajiye darussa a intanet. A nan ne, da daɗin tafi ya kwashe shi, ya ɗaga littafin shirin darasi na tsohuwar malama Madam Salamatou, littafi mai shekara talatin da ɗaurin roba, ya kira shi kayan tarihi. Aka yi ta dariya. Madam ta karɓi abinta, ta ce, "Allah shi bar maka taka, ɗana."

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Ranar Talata takarda ta iso cewa sufeto zai zo Litinin ya kalli darasin Malam, kuma da wannan kallon za a tabbatar da shi a aiki ko a ce ya jira baɗi. Malam ya ruga bakin gulbi don ya sauko da darasi daga intanet. Rezo ya ƙi. Ya taka cikin wani kwalekwale da ke ɗaure, ya ɗaga Hajiya sama da hannu biyu. Jirgi mai inji ya wuce, igiyar ruwa ta zo, Malam ya zauna ba shiri, Hajiya ta nutse cikin ruwan da ya taru a gindin kwalekwalen.

Da ranta aka tsamo ta, har ta ce "ɗit." Malam ya tuna ya karanta cewa shinkafa na tsotse ruwan waya. Ya hau kabu-kabu sai gida. Matarsa Safi, mai sana'ar turara shinkafa, tana kasuwa. Ya tarar da babban baho cike da shinkafa, an lulluɓe da buhunna. Ya cusa marar lafiya can ƙasa. Ya ji ɗumi a hannunsa, ya ce madalla, za ta fi saurin bushewa.

Ashe gumi ce, turararriyar shinkafa, an sauke ta daga wuta ba da jimawa ba, tururi na tashi. Shekara goma sha biyu Malam yana cin shinkafar gidan nan, bai taɓa tambayar yadda ake yinta ba.

Da safe Safi ta zo shanya, ta tono gawar. Aka garzaya wurin Ɗan'inna mai gyaran waya. Ya buɗe, ya sansana, ya dubi Malam. "Wagga ba gulbi ya kashe ta ba, Malam. Dafa ta anka yi. Saura miya."

Ana sanar da jama'a cewa darussan shekara huɗu suna nan lafiya a intanet, kamar yadda Malam ya koyar a Guéné. Kalmar sirrin shiga ce babu. Doguwa ce, mai harufa da lambobi, yadda ya koyar. Wuri ɗaya ya rubuta ta don kada ya manta: cikin marigayiya. Layin wayar da za a aiko masa da sabuwa kuma tun bara ya yar da shi.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin zare, da rigar roba, da marayu saba'in da uku, da maigida wanda rabonsa da cika allo da rubutu shekara huɗu, wanda ko shi ba ya iya karanta rubutun hannunsa.

Gawa tana rumfar Ɗan'inna, ya nemi izinin cire abin da zai amfani masu rai. Za a yi zaman makoki daga Alhamis zuwa Lahadi a ƙarƙashin mangwaron gidan Madam Salamatou. A can za a sami mai makoki bisa 'yar kujera, yana kwafar kayan tarihi shafi-shafi. Madam ta amince bisa sharaɗi biyu: ya wanke hannu kafin ya taɓa, kuma ita za ta duba rubutun da jan biro.

Addu'ar ƙarshe Litinin da ƙarfe takwas, a aji biyar, gaban sufeto. Masu zuwa gaisuwa, don Allah kada a kawo shinkafa. Alli ake buƙata.