Insha'in da Hamma Ta Cinye

Wani ne, masinja a wani ofis, har furfura ta fara fito masa yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Rannan shugaban ofishin ya ce masa, "In ka kawo mini takardar shaida daga ajin koyon rubutu, zan ba ka naka tebur da kujera, har da fanka." Gogan naka na jin fanka, washegari ya je ya yi rajista.

Malamin ajin yakan rubuta sababbin kalmomi a allo, ya ce a riƙa amfani da su. To shi wannan bawan Allah ba ya barin ko ɗaya ta kwana. Da aka ce kowa ya rubuta insha'i a kan aikinsa, kuma shi ne jarrabawar ƙarshe, sai ya juye su kaf a ciki. Ga mashahurin bokiti, ga ƙasaitacciyar tsintsiya, ga butar shayi mai kwarjini.

Kafin ranar miƙawa ya kai wa Malam ya gani. Malam ya duba shafin farko, ya cire tabarau, ya dafe goshi.

"Wannan sai an yi masa gyara. Ga yadda muke yi a ajin nan: ka samu mutum ka karanta masa da ƙarfi, kana kallon fuskarsa. Duk inda ya yi hamma, wurin ba shi da amfani, soke shi."

"Ko da babbar kalma ce, Malam?"

"Musamman ma ita."

Gogan naka ya isa gida ya tarar da matarsa tana wanki.

"Zo ki ji ilimi."

"Maigida, ba ka ga aiki nake ba?"

"Da hannu kike wanki ai, ba da kunne ba."

Ya gyara murya. "A matsayina na shahararren masinja mai alfarma..."

Ta yi hamma. Ya ciro biro, ƙiii, ya soke layin.

"Me ka yi kuma?"

"Dokar Malam ce. Inda aka yi hamma, sai a soke."

Ta kalli tulin takardun da ke hannunsa, ta kalli tulin wankinta.

"Au! Haka abin yake?"

Daga nan fa bakinta bai ƙara rufuwa ba. Hamma take har da hawaye, har da miƙa. Kafin ta shanya riga ta ƙarshe, rabin insha'i ya sheƙa barzahu.

"Ke! Anya wannan hammar ta tsakani da Allah ce?"

"Ni na kira ta? Karanta mana, ina jin daɗi."

Ransa ya ɓaci, ya kwashi sauran ya nufi shagon aski, wai can ne masu hankali suke. Ga rana ta take, ga mutane jere a benci suna jiran layi, kowa ya yi laushi. Ya fara karanta musu. Kun dai san hamma, ba ta tafiya ita kaɗai. Wani tsoho a ƙarshen benci ya buɗe baki, na kusa da shi ya karɓa, ta bi layi har ta kai ga wanda ake yi wa askin. Mutumina sai sokewa yake, yana gumi. Bokiti ya tafi, tsintsiya ta bi shi, butar shayi ma kwarjininta bai cece ta ba.

Can sai ga shi da kansa ya wage baki, haaa! Ya tsaya cak.

"Jama'a, tawa ma tana cikin lissafi?"

Mai aski ya ce, "Taka ai ta fi ta kowa ƙarfi. Kai ka san abin da ke gaba."

Ya soke har da na gaban.

Ranar miƙa aiki, jimla ɗaya tal ta rage masa. Ya kwafe ta a farar takarda, ya sa riga mai guga. Kowa ya tashi ya karanta nasa, shi ne na ƙarshe, Malam kuwa tun safe yake zaune yana saurare.

Mutumina ya miƙe ya ce, "Ni masinja ne."

Sai ya ga hancin Malam ya buɗe, haɓarsa tana rawa.

"Malam, don girman Allah riƙe ta! Ita kaɗai ta rage mini!"

Ina! Ta riga ta taho. Malam ya sa hannu ya rufe baki, ta ɓullo ta gefe.

Gogan naka ya ja layi a kan jimlar, ya miƙa takardar. Malam ya duba gaba, ya juya baya, ya sake duba gaba.

"Malam, ina da iyali, kuma tebur na jirana. Na ci?"

"Ci kam ba ka ci ba. Amma tun da ka shigo ajin nan, ba ka taɓa kawo abin da ya kai wannan daɗin karatu ba."